Ɗiyata ta ƙi cire takalmin ruwan sama ko da za ta kwanta, yaya zan yi da ita?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum iyaye mata da maza. Don Allah ku ara mini kunnenku, abin nan ya fara fin ƙarfina, ko da yake in na zauna ni kaɗai ina tunawa, dariya nake yi har da hawaye.

'Ya'yana biyu ne. Babban shekararsa 5, ƙaramar kuma shekara 3 da wata 4. Ita ce gwanar. Yau sati 6 ke nan da babansu ya sayo mata takalmin roba na ruwan sama, kore, irin mai tsawon nan da ke kai wa ƙasan gwiwa, da fuskar kwaɗo a gaba, idanu biyu sun ɗago sama. Tun daga ranar ba ta ƙara yarda da wani takalmi ba. Ana ruwa ko rana ta take, shi ne dai. Kuma ba shi kaɗai ba. Sai ta haɗa shi da rigar ƙwallon yayanta, wadda ta sauko mata har idon sawu, sannan ta ɗora tabarau na iyo a goshi. Yarinyar da ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce na bahon wanka ba! Takalmin ma ba daidai take sa shi ba, na dama a hagu, na hagu a dama, sai ka ga kwaɗin nan biyu sun juya wa juna baya kamar waɗanda suka yi faɗa. In na ce a gyara, sai ta ce, "A'a Mama, haka suke so."

Yayan nata ma yana da nasa salon. Wando gaba a baya yake sa shi, wai aljihun baya ya fi girma, yana so ya riƙa ganin abin da ya zuba a ciki. Ga tawul da yake ƙullawa a wuya ya bar shi yana reto a baya, wai shi mai tashi sama ne. Amma shi ana iya lallaɓa shi, in na ce za mu fita sai ya cire.

Da safe ina iya shanyewa. A makarantar renon da take zuwa ba su da kayan makaranta na dole, malamarta ma har ta saba. Da yamma ne ake yin ta. Ina tashi daga aiki in ɗauko su, mu iso gida wajen 5:30. Kusan wata biyu ke nan ta daina barcin rana. Da zarar 6:30 ta yi sai ta zama wata iri: gudu daga falo zuwa ɗaki, dariya ba dalili, tsalle a kan kujera, ta faɗi ta tashi. In ka gan ta sai ka rantse ba ta gaji ba. Ba ma kwanciya kuwa sai 9:30, saboda babansu sai 8:30 yake shigowa, kuma ba na so a ce bai gan su ba. Ƙarfe 6:00 na safe kuma kowa ya tashi.

Shekaranjiya ce ta sa na zo nan. Na haɗa ruwan wanka, na ce ta cire takalmi. Ta ƙi. Na lallashe ta, na yi alkawari, na yi barazana, duk a banza. Daga ƙarshe raina ya ɓaci, na kama ƙafar na fizge ɗaya da ƙarfi. Abin da na gani ya tayar mini da hankali: ƙafar sharkaf da gumi, yatsun sun yi fari sun yamutse kamar ta yini a cikin ruwa, ga wari. Ita kuwa ta zube ƙasa tana birgima, tana wani irin kuka har muryarta ta dushe. Na duba agogo, minti 40 cur. Can na ji shiru. Na leƙa, ashe ta rarrafa ƙarƙashin tebur, ta rungume takalmin da na cire a ƙirji, ɗayan yana ƙafarta, tabarau ya zamo ya rufe mata ido ɗaya, barci ya kwashe ta tana ajiyar zuciya. Wallahi zama na yi a ƙasa kusa da ita, ni ma na yi nawa kukan.

Maigidana ya ce in ƙyale ta, za ta gaji ta daina. Surukata ta ce sangarta ce, mu ne muka sake mata. Ni kuma ina tsakiya, kunya nake ji in mun fita mutane suna kallonmu, kamar yarinyar da ba ta da mai kula da ita. In ɓoye takalmin ne kawai a wuce wurin? Ko akwai wadda ta taɓa fama da irin wannan ta ga ƙarshensa?

Kakar Bakwai ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu, kin ji. Share hawayenki, babu uwar da ba ta taɓa zama a ƙasa ta yi irin wannan kukan ba, sai dai wadda ba ta faɗa.

Kada ki ɓoye takalmin nan. Ni na taɓa yi, kuma har yau in na tuna sai na ji ba daɗi. Ɗana na uku, hular sanyi ce tasa, ta ulu, mai tuntu a ka. Ya sa ta ya fi wata 8, zafi ko sanyi, gumi yana bin bayan kunnensa. Rannan na gaji, na jira ya yi barci na jefa ta can saman durowa, da safe na ce masa ta ɓata. Bai yi birgima ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Kwana uku yaron nan yana bin gida lungu-lungu, yana ɗaga matashin kai, yana leƙa ƙarƙashin gado, in wani ya shigo ya tambaye shi ko ya ga hularsa. A rana ta huɗu ni da kaina na hau kujera na sauko da ita. Bayan kamar wata biyu ya manta ta a mota, bai ko tambaya ba. Yanzu shekararsa 34, ya ce shi bai ma tuna an yi haka ba. Ni ce nake tunawa.

Abin da na gani a labarinki, ba takalmi yarinyar nan take yi wa kuka ba. Barci ne ya ci ƙarfinta, ita kuma ba ta san sunan abin da ke damunta ba, sai ta ɗora wa abin da ke gabanta. Da kin bar mata takalmin, da wani abin za ta samu, ko kofin da ba shi take so ba, ko yayanta ya kalle ta. Gudun nan da tsalle-tsallen da take yi da 6:30, shi ne gyangyaɗinta. Babba in ya gaji zama yake yi, yaro in ya gaji tashi yake yi.

Ki yi mata wankan tun kuna shigowa, kafin ta birkice. Sannan ki samo kwali ki ajiye a gefen gadonta, ki ce nan ne ɗakin kwaɗi, su ma sun gaji za su kwanta. Ita za ta sa su a ciki da hannunta, ba ke ba. Ki gwada ki gani.

Surukarki kuma ki ce mata to, kin ji. Ba sai kin yi musu da ita ba.

Mai Tsari ya amsa:

Da girmamawa ga Kaka, ni ban yarda ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau takalmi ne, gobe za ta ce ba za ta je makaranta ba, jibi kuma wani abin. Yarinya 'yar shekara 3 ba ita za ta tsara wa gida abin da za a yi ba. Ni a gidana uwarsu ce take fitar da kaya da daddare ta ajiye, da safe kowa ya sa abin da aka ajiye masa, babu tambaya. Sun yi kuka kwana biyu, sun haƙura. Kuma ki duba abin da ke kanki kika faɗa game da ƙafarta, wannan ai ya wuce wasa. Ki ɗauke takalmin, in an yi ruwa a fito da shi, in an ɗauke a mayar.

Malamar Reno ta amsa:

Maman yara, shekara 11 ke nan ina tare da 'yan shekara 2 zuwa 4, kuma kowace shekara sai na samu aƙalla ɗaya mai irin wannan. Na ga mai safa a hannu, na ga wanda ya ƙi rabuwa da rigar barci, na ga wadda ke sa siket uku a kan wando. Kafin maganar kaya, bari mu yi lissafi da lokutan da kika bayar.

Daga 9:30 na dare zuwa 6:00 na safe awa 8 da rabi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 kan yara 'yan ƙasa da shekara 5, ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a cikin awa 24, har da na rana in yana yi. Kin ga ke nan, tun da ta bar barcin rana, kullum tana bin bashin aƙalla awa ɗaya da rabi, wata biyu a jere. A da barcin ranar ne yake cike giɓin. Daina shi a wannan shekarun ba wani abin damuwa ba ne, yawancin yara tsakanin shekara 3 zuwa 5 suke bari, amma in an daina dole lokacin kwanciyar dare ya matso gaba. Yayan nata ma ki lura da shi, awa 8 da rabi ya yi masa kaɗan.

Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki in ransa ya ɓaci, ba ya gama ƙwari sai mutum ya haura shekara 20. A wurin 'yar shekara 3 birkin da ma ɗan kaɗan ne, gajiya kuma sai ta cinye ɗan abin da ke akwai. Shi ya sa lallashi da alkawari ba su yi aiki ba a daren nan, babu mai sauraro a lokacin. In kuna kunna talabijin ko ba su waya da yamma, ki kashe kamar awa ɗaya kafin kwanciya ki rage hasken ɗaki, don haske mai ƙarfi da dare yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke shirya jiki ya yi barci.

Shi kuma son zaɓen kaya, Mai Tsari, a ganina ba rashin tarbiyya ba ne. Erik Erikson, masanin halayyar ɗan Adam, tun a 1950 ya bayyana wannan matakin, daga wajen shekara ɗaya da rabi zuwa 3, a matsayin lokacin da yaro ke gwada cin gashin kansa. Ka duba yinin yarinyar nan: wani ne ya tashe ta, wani ya ce ga lokacin fita, wani ya ce zauna nan, yi layi, wanke hannu. Abin da ke jikinta kaɗai ne take da ta cewa a kai. A aji abin da nake yi, ina ba da zaɓi biyu waɗanda duk na yarda da su: wannan ko wancan? In ka buɗe wa yaro durowa gaba ɗaya ya rikice, in ka hana shi zaɓi sam ya yi tawaye.

Inda na yarda da kai shi ne maganar ƙafa. Roba ba ta barin iska ta shiga. Ki riƙa sa mata safar auduga a ciki, ki canza in ta jiƙe, ki kife takalmin ya bushe da dare, ki kuma tsane tsakanin yatsunta sosai bayan wanka. In kin ga wurin ya yi ja, yana saɓa ko tana sosawa, ki kai ta a duba.

Amma gaskiya abin da ya fi tsaya mini a rai a duk labarinki ba takalmin ba ne, tawul ɗin da yayanta ke ƙullawa a wuya ne. Duk abin da aka ƙulla a wuyan yaro zai iya maƙalewa a hannun ƙofa, ko lilo, ko abin zamiya na filin wasa. Saboda irin wannan ne hukumar CPSC ta Amurka, mai kula da haɗarin kayan da ake sayar wa jama'a, tun 2011 ta sa rigunan sanyi na yara masu igiya a wuya ko a hula cikin kaya masu haɗari. Ki daina barin sa yana ƙullawa. Ki maƙala masa tawul ɗin a kafaɗun riga da abin maƙale shanya guda biyu, yadda in an ja zai fita da kansa. Tabaran ma akwai roba a jiki, kada ta kwana da shi.

Batun dama da hagu ki bar shi, da yawa sai sun kai shekara 4 ko 5 suke ganewa. In kina so, ki samo sitika mai hoto ki raba ta biyu, ki manna rabi a cikin kowane takalmi, in ta jera su daidai hoton ya haɗu.

Abu na ƙarshe: ki lura ko sauran takalman ne ke damunta. Wasu yaran ɗinkin bakin safa ko 'yar takardar nan ta bayan wuyan riga tana hana su sakat, ba su iya faɗa ba. In kin ga kusan kowane kaya kuka take yi da shi, ko ƙara da taɓawa suna firgita ta fiye da sauran yara, ki faɗa wa likitanta.

Baban 'Yan Mata ya amsa:

Uwar Biyu, maganar kunyar da kika yi ce ta sa zan sa baki, don na sha ta.

Wata Asabar uwarsu ba ta nan, ni zan kai 'yata ta tsakiya asibiti a yi mata allurar rigakafi. Na fito daga wanka na tarar ta shirya kanta: rigar barci mai hoton zomo, a kanta ta ɗora siket mai baza na yayarta, safa ɗaya doguwa ɗaya gajera, sannan ta rataya jakar hannun uwarta, tana jan ta a ƙasa. Ta tsaya bakin ƙofa tana jira na, fuskar nan cike da alfahari. Lokaci ya ƙure, na ce mu tafi a haka.

A ɗakin jira na zauna ina sunkuyar da kai, ina jin kamar kowa yana cewa ga mutumin da matarsa ta bar masa yara kwana ɗaya ya kasa. Sai wata ma'aikaciyar jinya ta zo wucewa, ta tsaya ta ce mata, "Hajiya, wa ya yi miki wannan kwalliya?" Yarinyar ta buga ƙirji ta ce, "Ni!" Da aka zo allurar, jakar nan ta ƙanƙame, ta yi ɗan kukanta na minti ɗaya ta share. A hanyar dawowa ta yi barci a kujerarta, baki buɗe, jakar a kan ciki. Duk zaman da muka yi a wurin, ni kaɗai ne na ji kunya. Ita ko a jikinta.

Malam Mai Tsari, ni ma akwai inda ba na sassautawa. Rigar sanyi mai kumburi ba a shiga kujerar mota da ita, saboda bel ɗin ba ya kama jiki yadda ya kamata, wannan ko za ta yi kukan awa guda sai an cire. Amma siket a kan rigar barci, me zai ci mini? Ƙarfina na faɗa da yara ba shi da yawa, nakan adana shi ne don inda ake buƙata.

Wata shawara kuma ga maigidanki, daga uba zuwa uba. Ni ma a da ana tsare mini su har in dawo, sai in tarar da yara sun zama kamar an jiƙa su, ana kuka ana faɗa, ni ma ga gajiya. Da muka sauya, na karɓi shirin safe. Minti 30 da yaro mai ƙoshin barci ya fi mini awa guda da wanda ke magagi.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bari ne sai da na gwada kwana 9 kafin in dawo.

Malama, lissafinki ya ba ni kunya, ban taɓa zama na ƙirga awannin ba. Yanzu muna shigowa wanka ne farko, wajen 5:45, kuma abin mamaki a wannan lokacin da kanta take zare takalmin, ko gardama babu. Kwanciya 7:45. Daren farko da na biyu ba su yi kyau ba, ta fito daga ɗaki ya fi sau 6, ruwa, fitsari, wai ta ji motsi. A dare na huɗu kafin in gama labarin da nake ba su ta tafi. Babansu ya ɗan ɓata rai da farko da ya shigo ya tarar da gida tsit, amma na nuna masa abin da Baban 'Yan Mata ya rubuta, yanzu shi ke shirya su da safe. Sakamakon haka jiya ta tafi makaranta da rigar ƙwallon a baibai, shi bai ma lura ba.

Kaka, kwalin ya yi aiki, har ya wuce yadda na zata. Ta sa an shimfiɗa musu ƙaramin tawul, tana lulluɓe su, kuma an hana kowa magana da ƙarfi kusa da wurin. Yayanta ya yi tuntuɓe da kwalin ranar Talata, aka yi ƙaramin yaƙi.

Malam Mai Tsari, ban ɗauke takalmin ba, amma na ɗauki rabin maganarka: da daddare nake fitar da kaya, sai dai kala biyu nake ajiyewa ta zaɓa. Rana uku ta zaɓa daga ciki, sauran ranakun ta koma wa rigar ƙwallonta. Ƙafar ta warke tun da aka fara sa safa.

Tawul ɗin wuya an daina ƙullawa, abin maƙale shanya muke sa masa, ya ce ma ya fi kyau. Sitika kuwa ba ta yi ba. Ta ɓare rabi ɗaya ta manna a goshi, kusa da tabarau, kwaɗin kuma har yau ba su shirya ba.

Sabuwar damuwar ita ce, da safiyar yau na ga tana ɗingishi kaɗan, na matsa gaban takalmin na ji babban yatsanta ya kai ƙarshe. Ya fara yi mata kaɗan. Babansu ya duba inda ya saya, kwaɗo ya ƙare, sai mai fuskar agwagwa. Kaka, in sayo agwagwar in ajiye kusa da kwalin in yi shiru, ko in tafi da ita ta zaɓa da kanta?